Rubutun Fatalwa: Yadda Hitila Ya Kashe Haruffan da Ake Jingina Masa

Wani mai karatu da ke da ɗan shagon buga katin biki da fosta a Zariya ya aiko mini da tambaya. Ya ce wani alhaji ne ya kawo masa aikin katin walimar saukar Alƙur'ani. Shi kuma don ya burge, sai ya rubuta sunan mai saukar da haruffan nan masu kauri da ƙayoyi, waɗanda a kwamfuta aka sa wa suna Old English. Alhaji ya gani ya yaba. Amma babban ɗansa da ke jami'a yana ɗora ido a kai ya ce a cire, wai rubutun Hitila ne, kuma shi Turawa ke sawa a finafinan fatalwa da na masu shan jini. Aka cire, aka sa wani. Mai shago dai bai gamsu ba, shi ya sa yake tambaya ko yaron nan gaskiya ya faɗa.

Yaron ba shi ya ƙirƙiri maganar ba. Duk wanda ya taɓa juya rigunan gwanjo ya ci karo da baƙar riga mai hoton ƙoƙon kan mutum da wannan rubutu a ƙirji. Idan ƙarshen Oktoba ya zo, lokacin bikin Halloween na Amurkawa, masu zane a kwamfuta sukan yi rububin irinsa, musamman wanda aka kakkarce, aka gaigaye gefensa, ko aka yi shi kamar jini na ɗiga. Sai dai kuma rubutun nan ne a saman jaridar New York Times da Washington Post da Le Monde, shi ne a kan takardun shaidar kammala makaranta da mutane ke sa wa gilashi su rataya a falo. Abu ɗaya, ga shi a ƙofar kushewa, ga shi a ƙofar jami'a. Dangane da Hitila kuwa, abin da ɗan alhaji bai sani ba shi ne, babu mai mulkin da ya yi wa waɗannan haruffa illa irin wadda Hitila ya yi musu. Shi ya haramta su, da wasiƙa mai shafi guda, ranar 3 ga Janairun 1941.

Kafin a kai can, sai an fara da alƙalami. Wanda ya yi karatun allo ya san cewa idan aka fiƙe alƙalamin kara aka bar bakinsa da faɗi, to jan da aka yi daga sama zuwa ƙasa zai fito da kauri, wanda aka yi a karkace kuma ya fito siriri kamar gashi. Da irin wannan alƙalami, amma na gashin dinya, marubutan coci na arewacin Faransa da Ingila suke aiki a ƙarni na 12. A fata suke rubutu, fata kuwa da tsada. Ga jami'o'i suna tasowa a Paris da Bologna da Oxford, kowa na neman littafi. Sai marubutan suka shiga matse haruffa. Inda da ake zagaye harafi kamar bakin ƙwarya, yanzu sai a karya shi, a yi masa kusurwa, a ja shi tsaye, a manna na gaba a jikinsa. Shafi ya koma baƙi ƙirin kamar saƙar tabarma, shi ya sa aka kira salon Textura, wato saƙaƙƙe. Matsin ya kai idan m da n da u da i suka jeru a kalma ɗaya, sai ka ga kamar dangar kara, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Don a raba gardama aka soma ɗora wa i ɗan ja a kansa, wanda daga baya ya zama ɗigon da muke sawa yau. Duk yaron da ya ɗiga wa i ɗigo a aji ɗaya, gadon waɗannan marubuta yake ci.

Babu abin tsoro a ciki a lokacin. Rubutun ibada ne. Da Johannes Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a Mainz wajen 1455, mai layi 42 a kowane shafi, wannan salon ya kwaikwaya, har ya zuba haruffan dalma iri kusan 290 don kada mai saye ya bambanta bugu da rubutun hannu. Kwafi wajen 180 ya buga, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka yi a fata ya ci fatar maraƙi kimanin 170.

Sunan Gothic da ya bi shi har yau zagi ne, kuma Italiyawa suka yi shi. Malaman Florence na farkon ƙarni na 15, irin su Poggio Bracciolini da Niccolò Niccoli, sun tsani baƙin rubutun nan na mutanen arewa. Suna tono tsofaffin littattafan Rumawa a ɗakunan ajiya na coci, sai suka same su cikin wani rubutu mai zagaye, mai sarari, suka ɗauka hannun Rumawan dauri ne, suka kira shi antiqua, wato na da. Sun yi kuskure. Kwafe-kwafe ne da aka yi a zamanin Sarki Charlemagne da magadansa, wajen ƙarni na 9, a ƙasashen da suke Faransa da Jamus yanzu. Wancan matsattsen kuwa aka laƙaba masa sunan Goth, ƙabilar da ta wawashe birnin Rum a shekara ta 410, ma'ana rubutun ɓarnata, na marasa wayewa. Goth ba su taɓa ganinsa ba, sun shuɗe da ɗaruruwan shekaru kafin a ƙago shi. Amma suna ya riga ya zauna. Nicolas Jenson ya sassaƙa haruffan antiqua a Venice a 1470, kuma jikokinsu ne kake karantawa a wannan shafi. Sannu a hankali Italiya da Faransa da Sifen da Ingila suka koma kansu.

Jamusawa suka ce ba su san zance ba. Martin Luther ya fitar da fassarar Sabon Alkawari cikin Jamusanci a 1522 da wani reshe na baƙin rubutun da ake kira Schwabacher. A riƙe wannan suna, zai dawo. Littattafan Fafaroma suna zuwa da Latin cikin haruffan Rum, na Luther suna fita da harshen talaka cikin haruffan gida, sai zaɓin harafi ya zama tamkar nuna ɓangaren da mutum yake. Kafin haka kaɗan, Sarki Maximilian na Ɗaya ya sa an sassaƙa masa wani sabon salo domin littafin addu'o'insa na 1513, wanda Johann Schönsperger ya buga a Augsburg, da littafin Theuerdank na 1517. Shi ne Fraktur, daga kalmar Latin mai nufin karyayye. Manyan baƙaƙensa suna da wata lanƙwasa a gaba wadda masu ɗab'i ke kira hancin giwa. Wannan salo ya yi shekara ɗari huɗu yana mulkin shafin Jamusanci. Har akwai wata al'ada mai ban dariya: idan kalmar Faransanci ko Latin ta shigo cikin jimla, sai a sa ta da antiqua, in kuma an yi mata ɗafin Jamusanci a ƙarshe, sai a raba kalmar biyu, gindinta da haruffan baƙi, jelarta da na gida.

Rigimar ta yi tsami ne a ƙarni na 19, bayan Napoleon na Faransa ya tattake ƙasashen Jamus, kishin ƙasa ya motsa, aka fara kallon antiqua a matsayin rubutun Faransawa. Jacob Grimm, ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu masu tara tatsuniyoyi, wanda babu mai ja da shi a sanin Jamusanci, ya tsani Fraktur. Ya ce mummuna ne, yana ɓata ido, yana korar baƙi daga karatun harshen. Babban ƙamusun da suka fara fitarwa a 1854 da antiqua aka buga shi. A ɗaya gefen ga Bismarck, wanda ya haɗa kan Jamus, ya ce shi ba ya karanta littafin Jamusanci da aka buga da haruffan Latin, in aka aiko masa da irinsa kyauta sai ya mayar wa mai shi. Masu kare Fraktur suna da hujjar da ta wuce kishi. Salon yana da s iri biyu, dogo na farko da tsakiyar gaɓa, da gajere na ƙarshenta. Kalmar Wachstube, alal misali, tana iya nufin ɗakin masu gadi, tana iya nufin kwanson kakin zuma, kuma irin s ɗin da aka sa shi ke faɗa maka wanne ake nufi. A antiqua sai ka yi canke.

Maganar ta kai har majalisar dokoki ta Reichstag. Wata ƙungiya ta masu son antiqua, wadda wani attajirin mai ƙera bakin alƙalami daga Bonn, Friedrich Soennecken, yake cikin jigoginta, ta shigar da koke a mayar da makarantu kan antiqua. Ranar 4 ga Mayun 1911 'yan majalisa suka wuni suna ta da jijiyar wuya a kan siffar harafi. Da aka kaɗa ƙuri'a, 85 suka ƙi, 82 suka yarda, ga shi kuma waɗanda suka halarta ba su kai adadin da doka ta tanada ba. A watan Oktoba aka sake, aka yi watsi da koken da babban rinjaye.

Mu dai bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Mun ga yadda aka yi ta cacar baki a 2007 da aka cire ajami daga kan ƙananan takardun Naira, da kuma 2014 da aka cire shi daga kan Naira ɗari. Da yawa daga masu neman a cire suna cewa Larabci ne, addini ne, alhali abin da ke jikin babbar takardar bai wuce "Naira dubu" da Hausa ba. Wanda ba ya iya karanta rubutu, siffarsa kawai yake gani, sai ya ɗora mata abin da ke ransa. Wannan ita ce ƙaddarar da ke jiran Fraktur.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, samarin masu zane suka taso da ra'ayin a share tsohon kaya gaba ɗaya. Paul Renner ya fitar da Futura a 1927, haruffa sumul kamar an zana da kamfas da rula. Jan Tschichold ya rubuta littafinsa kan sabon tsarin ɗab'i a 1928. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, dukansu biyu sun ɗanɗana kuɗarsu: an kama Tschichold, daga baya ya tsere Siwizalan, Renner ma an tsare shi an kuma raba shi da shugabancin makarantarsa a Munich. Ministan cikin gida Wilhelm Frick ya tsaya kai da fata a kan rubutun Jamus, har ya nemi a riƙa sayo wa ma'aikatarsa tafireta masu haruffan Fraktur. Kamfanonin zuba haruffa suka ga kasuwa, suka fito da sababbin salo da aka aske wa duk wani ado, suka tsaya ƙyam, da sunaye irin su Tannenberg da National da Element. Masu sana'ar suka yi musu laƙabi da haruffan takalmin soja. Littafin Hitila na 1925 da Fraktur aka buga shi. A 1937 ma'aikatar farfaganda ta hana kamfanonin ɗab'i na Yahudawa amfani da Fraktur, wai ya fi ƙarfinsu, na Jamusawan asali ne. Har zuwa nan, ɗan alhaji yana da gaskiya.

Sai ga wasiƙar 3 ga Janairun 1941. Martin Bormann, babban jami'in jam'iyyar Nazi, ya sa mata hannu a madadin Hitila, daga gidan dutse na Obersalzberg, zuwa ga manyan jam'iyya da gwamnonin yankuna, da gargaɗin kada a buga ta a jarida. Abin da ta ƙunsa a taƙaice: kuskure ne a ɗauki rubutun Gothic a matsayin rubutun Jamus. A gaskiya, in ji wasiƙar, haruffan Yahudawan Schwabach ne. Wai kamar yadda Yahudawa suka mamaye jaridu daga baya, haka suka mamaye maɗaba'u tun farkon zuwan ɗab'i, suka cusa wa Jamusawa waɗannan haruffa. Don haka Shugaba, bayan ya tattauna da Max Amann da Adolf Müller, ya yanke cewa daga yau antiqua ce rubutun ƙa'ida. Takardun naɗi, allunan tituna, littattafan makaranta, duk a juya su a hankali. Amann shi ne shugaban kamfanin ɗab'i na jam'iyya, kuma sajan ɗin Hitila ne a yaƙin farko. Müller shi ke buga musu jaridarsu ta Völkischer Beobachter. Mutum uku a ɗaki ɗaya suka warware abin da majalisa ta kasa taɓawa shekara talatin da suka wuce.

Kwafin wasiƙar yana nan, kuma duk wanda ya kalle shi sai ya yi murmushi. Jikinta an buga da tafireta cikin antiqua. Amma kan takardar, inda aka rubuta sunan jam'iyya da na ofis, da Fraktur yake. Ba a ma samu sararin sake takardar ofis ba aka yi amfani da ita wajen tsine wa rubutun da ke samanta.

Zancen Yahudawa ƙarya ce tsagwaronta, irin wadda ko ƙoƙarin yi mata ado ba a yi ba. A ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Schwabacher ya bayyana, sana'ar ɗab'i a biranen Jamus tana hannun Kiristoci ne, ƙungiyoyin masu sana'a ba sa karɓar Bayahude. Garin Schwabach kansa, ɗan ƙaramin gari kusa da Nuremberg, ba shi da maɗaba'a a lokacin. Kuma da wannan salon aka buga Luther, mutumin da 'yan Nazi suke tinƙaho da rubuce-rubucensa na ƙin Yahudawa. Shekara huɗu kacal kafin nan sun hana Yahudawa taɓa rubutun don tsarkinsa, yanzu kuma sun ce na Yahudawa ne. An shafa masa kashin kaji ne kawai, don a ƙasar da aka gina kan wannan ƙiyayya, da zarar an ce abu na Yahudawa ne, babu mai sake buɗe baki ya kare shi. Masoya Fraktur, waɗanda akasarinsu 'yan kishin ƙasa ne masu goyon bayan gwamnatin, sai suka wayi gari an ɗaure musu harshe.

To mene ne ainihin dalili? A nan masana suka rabu. Wasu sun ce ƙiyayyar Hitila ce ta ƙashin kansa, kuma suna da madogara: tun a wani jawabi na 1934 ya yi wa masu begen zamanin Gothic ba'a, ya ce ba su dace da zamanin ƙarfe da gilashi da kankare ba. Wasu sun ce dalma ake nema, a narkar da tsofaffin haruffa a yi harsashi. Wannan ta biyun ba ta shiga kaina. Wanda ya san maɗaba'a ya san cewa sauya salo a ƙasa baki ɗaya cin dalma yake yi, ba tara ta ba, don sai an zuba sababbin haruffa, an sake tsara kowane littafin makaranta, an sake allunan tituna, duk a tsakiyar yaƙi. Shi ya sa ma aikin ya yi ta jan ƙafa, aka ci gaba da ganin Fraktur har ƙarshen yaƙin.

Ni na fi karkata ga bayani na uku, kuma takardunsu da kansu suke ba da shaida. A duba ranar. A Janairun 1941 sojan Jamus suna zaune a Polan, Denmak, Nowe, Holan, Beljiyam da Faransa. Mai mulkin mallaka yana bukatar a karanta umarninsa. Idan ka manna sanarwar dokar hana fita a bangon Paris da haruffan da Bafaranshe ba ya iya bambance A da U a cikinsu, ko s da f, to ka yi aikin banza. Maɗaba'un ƙasashen da aka ci ma ba su da haruffan. Wasiƙar Bormann da kanta ta ce a fara da jaridu da mujallun da ake kaiwa ƙasashen waje. Kwana goma bayan haka, da Hans Lammers na fadar gwamnati ya isar da umarnin ga ma'aikatu, bai ko ambaci Yahudawa ba, cewa ya yi baƙi masu jin Jamusanci ba sa iya karanta rubutun. Goebbels, ministan farfaganda, kuma ya rubuta a littafin ajiyar sirrinsa a farkon Fabrairu cewa abin ya yi daidai, yara sun huta da koyon abacada takwas, kuma yanzu Jamusanci zai iya zama harshen duniya. Takwas ɗin ba ƙari ya yi ba: manya da ƙananan baƙaƙe na Fraktur, na antiqua, na rubutun hannu irin na Jamus, da na rubutun hannu irin na Latin. Ƙiyayyar Hitila ta share fage, na yarda. Amma ya yi shekara bakwai yana ƙin rubutun bai taɓa shi ba, sai da ya samu daular da zai aika wa takarda.

A watan Satumba na wannan shekara aka daina koyar da rubutun hannu na Jamus a makarantu, wanda ake kira Sütterlin, da sunan Ludwig Sütterlin da ya tsara wa gwamnatin Prussia shi a 1911. Nan ne asarar ta fi ciwo. Yaran da suka shiga makaranta bayan nan sun girma ba sa iya karanta wasiƙun kakanninsu. Har gobe akwai Bajamushen da zai buɗe akwatin tsohuwarsa ya sami damin wasiƙun da kakansa ya aiko daga bakin daga, sai ya nemi wani tsoho ko masani ya karanta masa, kamar yadda ɗan boko a nan yake kai takardar gonar gado ta ajami wurin malam.

Bayan 1945 kaɗan ne suka yi marmarin dawo da Fraktur. Jaridar Neue Zürcher Zeitung ta Siwizalan, wadda umarnin Hitila bai shafa ba, ita ma ta sauka daga kansa a 1946. Frankfurter Allgemeine ta riƙe shi a kanun sharhinta har 2007. Duniya kuwa hotunan shekarun 1930 ta riƙe, na tutoci da allunan ƙaurace wa shagunan Yahudawa, masu shirya finafinai suka ɗora a kai. Wasiƙar da aka ce kada a buga, ba ta shiga fim ba.

Tsoron fatalwa kuma ta wata hanya dabam ya biyo, ta Ingila, kuma ya girmi Hitila nesa ba kusa ba. A 1764 Horace Walpole, ɗan firaministan Birtaniya na farko, ya fitar da labarin The Castle of Otranto, mai cike da tsohuwar fada da kurwa da la'ana. Bai sa sunansa ba. Ya yi ƙaryar cewa fassara ce ta wani tsohon littafi da aka buga a Naples a 1529 cikin baƙin rubutu, aka tsinto a ɗakin karatun wani tsohon gida a arewacin Ingila. Ya san mutanensa: a lokacin Ingilishi sun daɗe da barin wannan rubutu, ba sa ganinsa sai a tsofaffin dokoki da duwatsun kushewa, don haka ambatonsa kaɗai ya isa ya kawo warin ƙura da duhu. A bugu na biyu ya amsa cewa shi ya rubuta, ya kira shi labarin Gothic. Daga nan aka samu jinsin adabin da ya haifi Frankenstein a 1818 da Dracula a 1897. Lura da cewa a shekarun nan duka, Bajamushe yana karanta farashin dankali da sanarwar ɗaurin aure da wannan rubutu, ko gezau. Sai a inda aka daina karanta shi yake ba da tsoro.

Kakkarcewar da gaigayewar, wadda masu zane ke nema yanzu, ita ma ba kwamfuta ta kawo ta ba. Wani kamfani a Chicago ya fitar da salon da ake kira Caslon Antique a shekarun 1890, wanda da gangan aka yi wa gefuna ci-ci don ya yi kama da haruffan da suka tsufa a maɗaba'a. Fim ɗin Caligari na 1920 ya zo da rubutu karkatacce mai tsini kamar na wanda hankalinsa ya taɓu. A 1923 Rudolf Koch na Offenbach, mutum mai tsananin riƙon addini kuma gwanin Fraktur na zamaninsa, ya ɗauki ƙarfe da magagari ya sassaƙa salon Neuland kai tsaye, ba tare da ya fara zana shi a takarda ba, har kowane girma ya fito da ɗan bambanci. Abin haushi, Amurkawa suka mayar da wannan aikin na Bajamushe alamar daji da Afirka, suna sa shi a duk abin da suke so ya yi kama da na mutanen da ba su waye ba. Zagin da Italiyawa suka yi wa Goth ne ya sake zagayowa, wannan karon a kanmu.

Sauran labarin gajere ne. Mawaƙan heavy metal na shekarun 1970 suka ɗauki baƙin rubutun don su tsorata iyaye, har wanda ya zana tambarin ƙungiyar AC/DC a 1977, Gerard Huerta, daga haruffan Baibul ɗin Gutenberg ya samo shi. Gungun matasan Los Angeles suka mayar da shi zanen jiki. Da kwamfuta ta zo, wasu 'yan Holan biyu, Erik van Blokland da Just van Rossum, suka yi salon Beowolf wanda gefensa ke sauyawa duk sanda aka buga shi. Fim ɗin Se7en na 1995 ya buɗe da sunaye da aka karce da hannu, a shekarar kuma aka fitar da Chiller, wanda ya shigo kwamfutocinmu tare da Microsoft Office. Yanzu dubbai ne, kyauta, kowanne da tsagar da aka lissafa da tabon da aka auna.

Shi kuwa mai shagon Zariya, wanda ya sa wa katin ba ma Fraktur ba ne. Old English reshen Ingila ne na tsohuwar Textura, ya biyo ta hannun maɗaba'ar William Caslon ta Landan a ƙarni na 18, ba shi da hancin giwa, bai taɓa zama rubutun gwamnatin Jamus ba. Dangin Baibul ɗin Gutenberg ne da kan jarida. In zai sake amfani da shi, kada ya jera manyan baƙaƙe zalla, don ko marubutan da suka ƙago shi ba sa yin haka, ba ya karantuwa. Sannan ya duba kalmomin Hausa da kyau kafin ya tura wa inji. Salon da ke cikin kwamfutarsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Idan ya rubuta "Alƙur'ani" da shi, kwamfuta za ta aro ƙ daga wani salo ta cusa a tsakiya, sirirya fayau a cikin baƙaƙe masu kauri, ko kuma ta bar masa ɗan akwati fanko a gurbinta.